Tambayoyin Masu Karatu: Ƙaramar Jif Za Ta Ɗauki Iyalin Mutum Bakwai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Gusau, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, babban yana da shekara 13, ƙaramar kuma ba ta cika biyu ba, sannan mahaifiyata tana tare da mu, kuma duk tafiyar da za a yi da ita ake yi. Na daɗe ina tara kuɗin mota, yanzu dillali ya nuna mini Toyota RAV4 ƙirar 2010 da Honda CR-V ƙirar 2011, ya ce jif ce, za ta kwashe mu duka, tunda yara ba su cin wuri. Wani abokin aikina kuma ya ce akwai RAV4 mai kujera bakwai. Ina so a faɗa mini gaskiyar mutum nawa waɗannan motoci suke ɗauka, kuma idan ba za su ishe mu ba, wace mota zan nema? Mukan je ƙauye duk sallah, mukan kuma je Kano lokaci-lokaci. Daga wani magidanci, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya raya zuri'a. CR-V ƙirar 2011 mutum biyar take ɗauka har da direba, biyu a gaba, uku a baya, kuma mafi yawan RAV4 ƙirar 2010 da za ka tarar a hannun dillalai haka suke. Ku kuwa ku bakwai ne, saboda haka mutum biyu daga cikinku ba su da wurin zama a cikin kowace daga motocin nan biyu, ko da kuwa ɗayansu goyo ce.

Hanyar gane adadin mutanen da mota take ɗauka ita ce a ƙirga bel ɗin ɗaurawa da kamfani ya sanya mata, domin kowane bel mutum ɗaya aka yi wa, babba ne ko yaro. Tsayin mota da faɗin gabanta da girman tayoyinta ba su shiga wannan lissafi. RAV4 da CR-V, duk da tsayinsu daga ƙasa, an gina su ne a kan tsarin ƙananan motocin shiga, tsawonsu wajen mita 4.6 ne, kuma kujerar bayansu ba ta fi ta Camry ko Accord faɗi da wani abin a zo a gani ba. Idan motar daga Amurka ko Kanada aka shigo da ita, kamar yawancin waɗanda ake sayarwa a nan, ka buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar take rufuwa a kansa, za ka ga wata 'yar takarda a manne. A jikinta an rubuta adadin kujeru, na gaba da na baya, an rubuta iskar da ya kamata a ba tayoyi, sannan an rubuta iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya da motar za ta ɗauka. Wannan takarda ta fi maganar kowane dillali, kuma ina ba ka shawara ka karanta ta a gabansa.

Adadin nauyin nan shi ne abin da mutanenmu ba su cika kula da shi ba, alhali ya fi adadin kujerun saurin cika. A RAV4 mai kujera biyar ta waɗannan shekaru iyakar tana wajen kilo 375, a CR-V kuma wajen kilo 385. Mu ɗauka kai da maiɗakinka da Hajiya kowannenku kilo 70 ne, kun tashi 210 ke nan. Yara huɗu, daga mai shekara 13 zuwa 'yar goye, ba za su gaza kilo 100 ba a haɗe. An kai 310 tun ba a sa ko jaka ɗaya ba, kuma buhun shinkafa mai kilo 50 da za a kai ƙauye tare da akwatunan kayan sallah sun isa su tsallake da ku iyakar. Dawowa kuwa ta fi tafiya nauyi, domin ba a barin mutum ya baro ƙauye ba tare da masara ko gero da kaji da jarkar man gyaɗa ba. Mota ba ta ƙin tafiya don an wuce mata iyaka, shi ya sa ake ɗauka babu komai, amma bayanta yakan zauna, fitilun gaba su ɗaga su riƙa haska idon mai tahowa, birki ya ƙara nisa kafin ya tsayar da ita, tayoyin baya kuma su riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙima. Taya mai ƙarancin iska, ga lodi, ga gudu, ga zafin kwalta na watan Afrilu, ita ce take fashewa, kuma mota mai tsayi ta fi mota mai ƙasa-ƙasa saurin kifewa idan tayar baya ta fashe tana cikin gudu.

Maganar cewa yara ba su cin wuri ita ce ta fi damuna a cikin wasiƙarka, domin ma'anarta a aikace ita ce za a jera yara uku da kaka a kujerar mutum uku, sannan uwa ta rungumi ƙaramar a gaba. Motar da ta yi karo tana gudun kilomita 50 a awa, wanda gudun cikin gari ne, abin da yake samun wanda bai ɗaura bel ba daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Babu hannun uwar da zai iya riƙe yaro a wannan hali, komai ƙaunarta gare shi, kuma idan jakar iskar da ke gaban kujerar ta fashe, a kan yaron za ta fara sauka. Shi ya sa kamfanonin suke rubutawa a jikin makarin rana cewa yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa a baya ya kamata su zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwa da abin da ya kai rabi, kujerar jarirai ta musamman kuma tana rage shi da abin da ya kai kashi 71 cikin 100 ga jarirai. A ɓangaren doka, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel tun 2003, kuma lodin da ya wuce ƙima laifi ne a dokokinta, ba a keɓe motar gida daga ciki ba. Gaskiya ne motocin haya aka fi tarewa a kan wannan, amma rashin tarewa ba ya canza abin da zai faru idan tsautsayi ya gitta.

Abokin aikinka bai yi kuskure ba. Toyota ta fitar da RAV4 mai layin kujeru na uku a kasuwar Amurka daga ƙirar 2006 zuwa 2012, a matsayin ƙarin da mai saye zai zaɓa, sannan ta daina da ƙirar 2013. Irin wannan ita ce mai tayar safaya a jikin ƙofar baya, kuma iyakar nauyinta an ɗaga ta zuwa wajen kilo 525. Ba ta da yawa a kasuwa, sai an nema. Akwai makamantanta: Mitsubishi Outlander daga 2007, Nissan Rogue daga 2014 zuwa 2017, da doguwar Volkswagen Tiguan daga 2018. CR-V ma ta samu kujera bakwai a zubin da ya fito a 2017, amma a kasuwannin Asiya da Ostireliya da Turai, ban da Amurka, don haka da wuya ka gamu da ita a nan. Abin da ya kamata ka sani game da dukkansu shi ne kujeru biyun nan na baya an matsa su ne a cikin wurin da aka yi domin kaya. Mazauninsu yana dab da daɓen mota, gwiwar babban mutum tana kusan taɓa ƙirjinsa, shiga sai an kwantar da kujerar tsakiya an tsallaka, kuma da zarar an ɗaga su but ɗin ya tafi, abin da zai rage bai wuce wurin jakunkunan makaranta ba. Suna da amfani ga mai iyalin mutum biyar wanda wani lokaci yakan rage wa 'ya'yan maƙwabta hanya zuwa Islamiyya. Ga wanda kullum mutum bakwai ne, kuma zai yi Gusau zuwa Kano da kaya, ban ga ta yi ba, musamman da yake yaronka mai shekara 13 nan da shekara biyu ba zai shiga wannan lungu ba.

Mataki na gaba shi ne matsakaitan jif masu layi uku, waɗanda suka fi shahara a wajenmu su ne Toyota Highlander da Honda Pilot. Highlander ta fara samun layi na uku a ƙirar 2004, ta 2008 zuwa 2013 tana ɗaukar mutum bakwai idan mai layi uku ce, domin akwai masu layi biyu a cikinsu, ta 2014 zuwa sama kuma har takwas. Pilot tun fitowarta a ƙirar 2003 mai kujera takwas ce, kuma layinta na uku ya ɗan fi na Highlander sakewa. Suna da tsayi daga ƙasa wajen santimita 20, suna jure hanyar burji, kuma mafi yawansu injin silinda shida ne. Amma matsalar kaya tana nan. A Highlander ta 2008 zuwa 2013, idan duka kujerun suna tsaye, wurin da ya rage a baya bai kai lita 300 ba, wato bai kai but ɗin Corolla ba. Masu irinta sukan koma ɗora kariya a sama, kuma kaya a saman mota mai tsayi yana ƙara mata layi a kwana, yana kuma ƙara shan mai.

A ganina motar da ta dace da bayanin da ka yi ita ce Toyota Sienna, ko kishiyarta Honda Odyssey ta Amurka. Sienna ta fara fitowa a ƙirar 1998, ta gaji Previa, kuma daga 2004 ana samun ta da kujera bakwai ko takwas, tsawonta ya ɗan haura mita 5. Bambancinta da jif shi ne an zana ta ne tun farko domin mutane: daɓenta shimfiɗaɗɗe ne, layi na uku kujera ce ta gaske da babban mutum zai zauna a kai daga Gusau har Kano bai sauko yana ɗingishi ba, sannan bayan wannan layi akwai wani rami mai zurfi da yake ɗaukar kaya sama da lita 1,000 alhali kowa yana zaune a wurinsa. Ranar da kaya za a ɗauka ba mutane ba, sai a naɗe layin na uku ya shige cikin ramin nan, bayan motar ya zama fili. Ƙofofin gefe ja ake yi ba buɗewa ba, yaro ba zai banka ƙofa a jikin mai babur ba, kuma matakin shiga yana ƙasa, wanda wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dattijuwa mai ciwon gwiwa da za a ce ta riƙa hawa jif tana kama hannun jika. Tana kuma da na'urar sanyaya ɗaki ta baya mai hurowa daga rufi har layin ƙarshe, abin da yawancin ƙananan jif ba su da shi, kuma duk wanda ya taɓa zama a bayan mota da rana tsaka a hanyar Funtuwa ya san darajar wannan.

Na san abin da yake hana magidanta da yawa sayen ta, ko da ba su faɗa ba. Sienna ta cika tashoshin mota, ita ce take jigila tsakanin Kano da Abuja da Kaduna, don haka ana yi mata kallon motar haya, jif kuwa ko ƙarama ce ana yi mata kallon motar manya. Wannan magana ce ta ra'ayi, kuma kai ne za ka auna ta da kanka, amma ka lura cewa direbobin haya ba don ado suka zaɓe ta ba. Sun zaɓe ta ne saboda tana jure doguwar tafiya kullum, kayan gyaranta suna ko'ina daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna, kuma babu garin da za ka rasa bakaniken da ya san ta. Illar wannan farin jini ita ce da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa na hannu sun sha wahalar haya, an yi musu fenti an gyara kujeru an fito da su a matsayin motar gida. Ka duba ƙofofin ja ko suna tafiya sumul, ka duba ko bayanta ya zauna ko da babu kowa a ciki, ka ƙirga bel ɗin ka ja kowanne da ƙarfi ka ga ya cije, domin a motocin da suka yi haya akan tarar an yanke na baya ko an cusa su ƙarƙashin kujera.

Raunin Sienna na gaskiya guda biyu ne. Na farko, tsayinta daga ƙasa wajen santimita 17 ne, ga ta doguwa, don haka idan hanyar ƙauyenku tana da kwazazzabai ko yashi mai zurfi da damina, cikinta zai riƙa bugun ƙasa, musamman da lodi. Idan haka hanyar take, Highlander ko Pilot ta fi maka, ka haƙura da ƙarancin wurin kaya, ka riƙa aika buhuna a motar kasuwa. Akwai Sienna mai jan ƙafa huɗu, amma ba ta ƙara tsayi sosai, ta kafin 2021 kujera bakwai ce kawai, kuma masu irin wannan tsari na shekarun 2004 zuwa 2020 ba su zuwa da tayar safaya, an sa musu wata taya ta musamman da take iya tafiya kaɗan bayan ta yi faci, wadda samun ta a nan wahala ne. Na biyu shi ne mai. A gwajin hukumomin Amurka, RAV4 mai silinda huɗu tana shan kusan lita 10 a kilomita 100, Sienna mai silinda shida kuma tsakanin 11 da 12, a hanyoyinmu da cunkoso da na'urar sanyi kowacce za ta haura haka. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita biyu a kowace kilomita 100 kuɗi ne da ake ji a aljihu, amma ka lura Highlander da Pilot ma kusan abin da Sienna take sha suke sha, don haka duk motar da za ta ɗauke ku bakwai da kayanku a nan za ta tsaya. Sienna ƙirar 2021 zuwa sama, wadda take haɗa fetur da batir, ta sauko zuwa wajen lita 6.5, sai dai kuɗinta ya yi nisa da na motocin da dillalinka ya nuna maka.

Idan ka tsaya a kan Sienna, ka fi karkata ga ƙirar 2007 zuwa sama. Ta 2004 zuwa 2006 injinta mai lita 3.3 da bel na roba yake juyawa, wanda dole a canza shi a kan lokaci, daga 2007 kuwa aka koma inji mai lita 3.5 mai sarƙa. Odyssey mota ce mai daɗin tuƙi, amma ta 1999 zuwa 2004 ta yi suna da matsalar giya, don haka sai ka je da bakaniken da ka yarda da shi. Ranar gwaji kuma ka tafi da iyalin gaba ɗaya, kowa ya zauna inda zai riƙa zama, Hajiya ta shiga ta fita da kanta, sannan a yi maganar ciniki.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina da CR-V da nake kai yara makaranta, nawa uku da na ƙanwata biyu. Wani mai walda ya ce zai iya kafa mini benci a but a kan kuɗi kaɗan, yara biyu su riƙa zama a can. Ko akwai matsala, tunda tafiyar cikin gari ce? Daga wata uwa, Kano.

AMSA: Hajiya, barka kadai. Akwai matsala babba, kuma ina roƙon ki kada ki yarda. Bayan mota an ƙera shi ne ta yadda zai lanƙwashe ya shanye ƙarfin duka idan wata mota ta buge ki ta baya, domin dukan kada ya kai ga waɗanda ke zaune a kujeru. Bencin da za a kafa a but yana daidai wurin da aka tanada domin ya murƙushe. A motocin da kamfani ya sa wa layi na uku, an ƙarfafa daɓen, an kafa wa bel ɗin mariƙa a jikin ƙarfen motar da aka gwada ƙarfinsu, an sa matashin kai, a wasu kuma jakar iskar gefe tana kaiwa har can. Bencin mai walda ƙusoshi huɗu ne a jikin falange, wanda karo mai sauƙi zai iya tumɓuke shi tare da yaran. Zancen cikin gari kuwa, bugun baya a cikin gari aka fi yin sa, a danja da shataletale da wurin da mai adaidaita sahu ya tsaya ba zato.

Yara biyar da ke direba kun zama shida, motarki kuma biyar take ɗauka, kuma a cikin biyar ɗin kujerar gaba ba ta dace da yaron da bai wuce shekara 12 ba. Ko dai ku raba jigilar ke da ƙanwarki, ko a yi sawu biyu idan makarantar ba nisa, ko kuma a sayar da CR-V a cika a sayi mai layi uku. Ƙananan jif masu kujera bakwai da na ambata a amsar da ta gabata, waɗanda na ce ba su dace da doguwar tafiya ba, irin aikinki ne ainihin abin da aka yi su dominsa: yara ƙanana, tafiya gajera, kaya jakar makaranta da kwandon abinci. Ki kuma lura cewa bel ɗin mota an auna shi ne da jikin babba, sai yaro ya kai tsayin wajen santimita 140 zuwa 145 yake zauna masa daidai a kafaɗa da ƙugu. Wanda bai kai ba yana buƙatar ɗan matashin da ake ɗora shi a kai domin ya ɗaga, in ba haka ba bel ɗin a wuyansa da cikinsa zai bi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mu goma sha biyu ne a gidana, mata biyu da 'ya'ya tara da ni. An ba ni shawarar Toyota Sequoia ko Prado, wani kuma ya ce in sayi Noah ko Voxy da ake kawowa daga Japan domin sun fi araha. Me ka gani? Daga wani ɗan kasuwa, Azare.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Babu ɗaya daga cikin motocin da ka lissafa da take ɗaukar mutum goma sha biyu. Sequoia takwas ce iyakarta, ta kafin ƙirar 2023 kuma da injin silinda takwas mai shan mai sosai take, Prado bakwai ko takwas gwargwadon shekara da kasuwar da aka yi wa ita, Noah da Voxy su ma bakwai ko takwas. Wanda yake son ya ɗauki mutum goma sha biyu a mota ɗaya, kowa da kujerarsa, bas zai saya, kuma Toyota Hiace ita ce aka fi sani, wadda ake samu da kujeru daga 12 zuwa 15 gwargwadon tsawonta. Ka tabbatar wadda za ka saya kamfani ne ya yi mata kujerun, domin da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Turai motocin kaya ne da aka yanka musu taga aka kafa benci a nan, kuma abin da na faɗa wa Hajiya a kan bencin walda ya shafe su.

Game da Noah da Voxy, motoci ne masu kyau da aka yi domin kasuwar Japan, inda ake tuƙi a hannun hagu, don haka sitiyarinsu a dama yake. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama a kan hanya ba, shi ya sa ake juya shi kafin a sayar. Juyin nan ya shafi sandar sitiyari da bututun birki da wayoyin lantarki da jakar iska, kuma ingancinsa ya danganta da hannun da ya yi shi, abin da mai saye ba shi da hanyar tantancewa da ido. Arahar tasu daga nan take, kuma ni ba zan ɗora iyalina a kan sitiyarin da ban san wanda ya haɗa shi ba.

Kafin ka sayi bas, ka yi lissafin sau nawa a shekara ku goma sha biyun kuke fita tare. Idan bai wuce sallah biyu da biki ko ta'aziyya ba, motoci biyu sun fi maka amfani: Sienna mai kujera takwas da ƙaramar mota mai biyar sun ba ka kujeru goma sha uku, kuma a sauran ranakun shekara ɗaya tana kai yara makaranta ɗaya tana kai ka kasuwa, ga shi kuma kowane ɗaki zai iya fita unguwa ba tare da jiran ɗayan ba. Sharaɗin shi ne a samu direba na biyu mai lasisi ranar tafiya. Idan kuɗin bai kai nan ba, Volkswagen Sharan, wadda ake kira Sharon a tasha, da tagwayenta Ford Galaxy da Seat Alhambra, waɗanda aka fara ƙerawa a masana'anta ɗaya a Fotugal a tsakiyar shekarun 1990, suna da kujeru bakwai, biyar na baya ana iya cire kowace daban, kuma sun fi Sienna sauƙin kuɗi. Sai dai yawancin waɗanda suke yawo a nan sun haura shekara ashirin, don haka kafin a biya a sa bakanike ya duba giya da lagireto da wayoyin lantarki, a kuma karanta shekarar da aka buga a gefen kowace taya.